Shida na wuta, goma sha bakwai nawa

Telan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, na ga gara in fitar da ita a nan ko wani zai ƙaru, ni ma in ƙaru da ku.

Shekarata 14 ina ɗinki. Ƙaramar Sallar da ta wuce, ranar jajibiri bayan la'asar, kayan mutum 23 ne a shagona ban gama ba, wasu na yanka ban haɗa ba, wasu ko almakashi ban sa musu ba. Cikin masu kayan akwai wani dattijo da tun ina yaron shago yake kawo wa maigidana ɗinki, da na buɗe nawa ya biyo ni don ya ƙarfafa mini gwiwa. Ya zo, na fara jero masa abin da na saba jero wa kowa: ba wuta, mai ya yi tsada, janareto ya lalace, yaro ɗaya ya tafi ƙauyensu. Bai musa mini ko ɗaya ba. Ya ce in ba shi shaddarsa. Na sa masa a leda, ya ce Allah ya ba mu alheri, ya tafi. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Bayan Salla na shiga birni gaida maigidana, na kwashe labarin na faɗa masa, ina jiran ya jajanta mini. Sai ya ce in ɗauko takarda da biro. Ya ce ranar da wuta ta wuni, kaya nawa shagonka ke fitarwa har guga? Na ce 4. Ya ce daga farkon azumi zuwa jajibiri kwana nawa kuka yi aiki? Na ƙirga, 26. Ya ce nawa ke nan? 104. Ya ce kai kuma nawa ka karɓa? Na duba wayata da 'yan takardun awo, 121. Ya ce to ko da ba a ɗauke wuta ko na minti ɗaya ba, mutum 17 ba za su sa sabon kaya ba, kuma tun ranar da ka karɓi kafin alƙalaminsu ka san haka ko ba ka so ka sani. Wuta ta hana mutum 6, kai ka hana 17.

Wallahi jama'a, shekara da shekaru ina ɗora wa wuta duk 23 ɗin. Shi ya sa kowace Salla abu ɗaya ke maimaituwa, don wuta ba a hannuna take ba, abin da ke hannuna kuma ban taɓa yarda akwai shi ba. Tambayata gare ku: mu nawa ne haka a garin nan na Zariya? Kuma anya mutum zai ci gaba matuƙar bai iya cewa "ni ne na yi" ba?

Mai Keke, Kwangila:
Wa alaikumus salam. Yaya tela, Allah ya saka da alheri da wannan gaskiya. Ni ma an taɓa yi mini haka, na yi idi da tsohuwar riga, amma yau na fara jin tela ya faɗi da bakinsa.

Ɗan Kwarbai:
Na gaishe ka Malam tela, kuma ban raina abin da ka faɗa ba. Amma irin wannan magana tana ba ni tsoro, don na san inda take ƙarewa. Kullum talaka ake cewa ya binciki kansa. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, aka cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Wane tela ne ya jawo wannan? A farkon shekarar 2023 mutane da kuɗinsu a banki suka riƙa kwana a layi saboda canjin kuɗi, ƙananan 'yan kasuwa nawa suka karye? Ni da nake magana, ina aji uku a jami'a aka shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata 8 ina zaune a gida. Na gama, na yi hidimar ƙasa, yau shekara ta biyu ina yawo da takardu. Sai a zo a ce mini in duba laifina? In an gama da mu, sai waɗanda suka jefa mu cikin halin su samu abin fakewa, su ce ai ku ne ba ku da zuciya.

Telan Tudun Wada:
Ƙanena, ban ce shidan nan babu su ba. Suna nan, kuma sun cuce ni. Abin da na gano shi ne na ɓoye goma sha bakwai a bayansu.

Ɗan Kwarbai:
Kai naka lissafin ya fito haka, Yaya. Wani in ya zauna ya yi nasa, 20 ne na halin da ƙasa ke ciki, 3 nasa.

Malamar Firamare, Gyallesu:
Ko da 3 ne nasa, ai ukun nan su kaɗai zai iya taɓawa gobe da safe, ɗan'uwa.

Ni abin da nake gani a aji shi nake so in kawo. Shekarata 19 ina koyarwa. Ku saurari yadda yaranmu ke magana ranar da aka ba da sakamako. Wanda ya yi nasara zai ce "na ci". Wanda bai yi ba zai ce "an kayar da ni". Ba ka jin "na faɗi" sai jefi-jefi. Yarinya ta saki kofi, ta ce "kofi ya fashe". Ya makara, ya ce "mota ta bar ni". Mu manya kuma "kuɗin sun ƙare", kamar ƙafa gare su. Wannan "an" ɗin da muke yawan sawa, rumfa ce babba, kowa na iya shiga ya fake.

Kuma ba yaran suka ƙirƙiro ba. Yaro ya yi tuntuɓe da kujera yana kuka, uwa ta ɗaga hannu ta bugi kujerar ta ce na rama maka. Daga nan karatun ya fara. Ranar da ya zo da sakamako mara kyau, uba zai biyo shi makaranta yana cewa malama ce ba ta son ɗansa, alhali tun da aka shiga zango bai taɓa buɗe jakar yaron ba.

Amma akwai wani gefen da ya fi damuna. Yaron da ya zo ya ce "Baba ni na fasa", me yake samu? Bulala. Wanda ya yi ƙarya ya ce bai gani ba, ya tsira. To wane darasi muka koya musu? A ajina na sa doka, duk wanda ya kawo kansa kafin in tambaya, zai gyara abin da ya ɓata amma ba duka. Zangon farko ba wanda ya yarda da ni. Sai da suka ga wata yarinya ta zo ta ce ita ta yaga littafin rajista, na ba ta gam ta liƙe, shi ke nan, sannan suka fara zuwa.

Maman 'Yan Biyu, Samaru:
Anti malama kin taɓo ni a maganar kujera. Jiya-jiyan nan na yi. Allah ya shirye mu.

Manomin Shika:
Salamu alaikum. Ban cika magana a zauren nan ba amma wannan ta shafe ni. Shekaru uku a jere masarata ba ta yi ba, gonar maƙwabcina kuma da kunya ɗaya ta raba mu tana yi. Ruwan sama ɗaya, ƙasa ɗaya. Ban ɓoye muku ba, har zargin hannu na yi, na kashe kuɗi wajen neman tsari. Na daina gaisawa da mutumin kirki da zuciya ɗaya.

Wani malamin gona ne ya zo ya zagaya da ni ya yi mini tambayoyi irin na maigidan tela. Wane iri ka shuka? Na ce wanda na ɗebo a rumbu. Asalinsa fa? Irin aure ne da na saya shekaru huɗu baya, nake ta maimaita shi. Ya ce irin aure ba a maimaita shi, kowace shekara ƙarfinsa raguwa yake. Yaushe ka sa takin farko? Na ce sai da na sayar da akuya, masara ta kai wata ɗaya da rabi. Ya ce kamfa ana sa ta ne cikin kwana 10 zuwa 14 da shuka, yuriya kuma wajen mako 5 zuwa 6, a tona a binne, kada a watsa a bar wa rana da ruwa. Ni kuwa watsawa nake. Ya nuna mini ƙuduji ya cika gefen gonar, na bar shi yana fure yana zubar da 'ya'ya kowace shekara.

Abin da ya fi ba ni kunya, cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana nan Samaru, daga gidana ba ta kai tafiyar rabin awa a babur ba. Irin masara na SAMMAZ da mutane ke tasowa daga wasu jihohi su nema, a nan ake fitar da shi, har da masu jure ƙuduji. Shekarata 40 da ɗoriya ina wucewa ta bakin ƙofar, ban taɓa tsayawa na yi tambaya ba. Wa ya hana ni?

Amma Ɗan Kwarbai yana da gaskiya a wani wuri, kada a danne shi. Ina da 'yan'uwa a yankin Giwa da Birnin Gwari da suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga. Mutumin da ya san iri, ya san taki, amma in ya je gona ba shi da tabbacin dawowa, ba ka da bakin ce masa ya duba kansa. Haka wanda ya sayi taki da tsada, kaka ta yi farashin masara ya faɗi. Wannan ba nasa ba ne.

Ɗan Kwarbai:
Na gode Baba. Abin da nake faɗa ke nan.

Manomin Shika:
Rabin maganata ka ɗauka, ɗana. Ka koma ka karanta ta sama.

Mai Shagon Sabon Gari:
Ni dai ina ganin komai ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta maka ba ya wuce ka. Wani bai iya ko lissafi ba amma ga shi da gidaje a GRA, wani ya yi ta rubuce-rubuce har ya mutu a haya. Arziki ba wayo ba ne.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Gayan:
Alhaji, imani da ƙaddara rukuni ne, ba mai jayayya da kai a nan. Amma mu yi hattara da wurin da muke ajiye ta. Malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Gobara ta cinye shago bayan ka yi iya kiyayewarka, ka ce ƙaddara, ka yi haƙuri, kana da lada. Ka karɓi ɗinkin da ka san ba za ka gama ba, ka ce ƙaddara, wannan ka ɗora wa Ubangiji abin da hannunka ya aikata.

Ku duba Suratul A'araf. Biyu suka saɓa umarni a farkon surar. Iblis da aka tambaye shi, ya ce saboda ka ɓatar da ni, wato ya mayar da laifin sama. Annabi Adamu da Hauwa'u, alaihimas salam, suka ce ya Ubangijinmu mun zalunci kanmu, a aya ta 23. Ga shaiɗan nan tsaye wanda ya rantse musu ya yaudare su, da sun so da sun nuna shi, amma da kansu suka fara. Kowa ya san yadda aka ƙare da kowanne.

A Uhudu, da musulmi suka ce daga ina wannan ya same mu, amsar da ta sauka a Ali Imrana aya ta 165 ita ce, ka ce daga wurinku yake. Sahabbai ne fa, kuma abokan gaba ne suka yi musu ɓarnar, amma aka nuna musu nasu kason, na maharban da suka bar dutse.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Ka'abu ɗan Malik, Allah ya yarda da shi. Bai je yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira. Da aka dawo, mutum tamanin da wani abu suka zo suka kawo uzurori, aka karɓi zahirinsu. Shi mutum ne mai fasahar magana, mawaƙi ne, da kansa ya ce da gaban wani mai mulkin duniya yake da ya san yadda zai fita. Amma ya ce ba ni da uzuri, ban taɓa samun ƙarfi da wadata kamar lokacin da na ƙi fita ba. Me ya biyo baya? Kwana 50 ba mai yi masa magana a Madina, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya. Masu uzuri suna yawonsu. Sai bayan nan aka saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba aya ta 118, muna karantawa har yau.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka in ka ce "ni ne" za a tafa maka nan take. Sau da yawa kai za ka fi shan wuya a farko. Malam tela, ka shirya wa wannan.

Mai Shagon Sabon Gari:
Allah gafarta Malam, na karɓi gyara a kan laifi da musiba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa arziki rabo ne.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Gayan:
Rabo ne, Alhaji. Cika alkawari kuma umarni ne. Ba za a tambaye ka don me ba ka yi gida a GRA ba, amma za a tambaye ka shaddar mutane.

Maman 'Yan Biyu, Samaru:
Ina neman izinin maza in faɗi wani abu, don mu mata maganar nan tana zo mana ta wata fuska.

Da farko nawa laifin. Ina yin cincin da dubulan da alkaki ina kai wa shagunan da ɗalibai ke saye. Sau uku jarina yana karyewa, sau uku ina cewa baki ne, ko maƙwabciya ce ta sa mini ido. Da ƙanwata ta zauna da ni muka bi kuɗin, sai ga su: ankon biki biyu a wata ɗaya, adashi uku da na shiga lokaci guda, bashin da na ba 'yan'uwa ina jin nauyin tambaya, da cefanen da nake cirewa a cikin kuɗin fulawa ina cewa zan mayar. Ba wanda ya sa mini ido, ni na sa hannu. Yanzu gwangwani biyu gare ni, na jari da na riba, na jari ko ciwon kai nake ba na buɗe shi sai ranar sari.

To amma ga inda nake so a yi hankali. Akwai matan da tun suna yara ake ce musu komai laifinsu ne. Miji ya ƙi kawo cefane, ke ce ba ki iya magana ba. Ya yi duka, ke ce kika tunzura shi. Yaro ya lalace, tarbiyyar uwa ce. Aure ya mutu, ba ki yi haƙuri ba. Irin wannan mata in ka zo ka ce ta binciki kanta, ƙara mata dutse ka yi a kan wanda take ɗauke da shi. Na san wadda ta ɗauki laifin kowa a gidan har hawan jini ya kama ta tana da shekara talatin da 'yan kai. Ita abin da take buƙata shi ne wanda zai ce mata wannan ba naki ba ne, ajiye.

Shi ya sa lissafin maigidan tela ya burge ni. Bai ce duk 23 naka ne ba. Ya raba, ya ba wuta nata, ya ba shi nasa.

Malamar Firamare, Gyallesu:
Maman 'yan biyu, Allah ya yi miki albarka. Wannan ita ce maganar da na kasa fitarwa. Kuma na lura, wanda ya fi kowa saurin cewa wasu su binciki kansu a cikin gida, sau da yawa shi ne bai taɓa cewa "na yi kuskure" ba ko sau ɗaya a gaban iyalinsa.

Mai Keke, Kwangila:
Ni tambaya gare ni. Keken da nake ja na wani ne, biyan balas nake kullum. In na ce laifina ne na kasa cika balas, ai maigidan karɓe makulli zai yi. Wani lokaci uzurin nan shi ke rufa mana asiri. Ya za mu yi?

Baba Mai Ritaya, Tudun Jukun:
Ɗana mai keke, bari in ba ka amsa da abin da na gani. Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, ƙarshensa ina riƙe da sito. Na yi yara a ƙarƙashina da yawa. Wanda duk ya zo ya ce Baba na yi kuskure a lissafin jiya, ga inda yake, raina yana ɓaci na minti goma, amma daga ranar shi nake ba makulli in zan yi tafiya. Wanda kullum yake da labari, ko labarin gaskiya ne, ba na korar sa, amma ba na ɗora shi a kan komai. Bai san dalilin da ya sa ba a ciyar da shi gaba ba, sai ya ce ƙabilanci ne ko ba shi da uban gida. Mai keken nan naka ya san ranar da ka yi ƙarya, shiru kawai yake yi, kamar yadda dattijon nan ya yi wa tela.

Sannan ga Ɗan Kwarbai. Jikana, zafinka na gaskiya ne, kuma ina tare da kai cewa na sama su ne suka fi cancanta a tuhuma, don abin da suka ɓata ya fi yawa. Amma ka sani, na ga mutanen nan tun suna ƙanana. Wanda yake kansila yau yana cewa gwamnatin baya ce, jiya shi ne sakataren ƙungiyar unguwa da kuɗin gyaran kwalbati suka shige a hannunsa ya ce an sace. Ba daga sama aka sauko mana da su ba, a zaurukanmu suka tashi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani, har a kai kan kujera ana hangowa.

Ka je ka dubi Masallacin Juma'a na cikin birni. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina shi da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, har yau masana gine-gine na zuwa kallon bakan gizonsa. Muna kiran sunan maginin bayan kusan shekara 200 saboda aikin nasa ne, da ya rushe ma sunansa za a kira. Ni abin da nake so ga matasanmu ke nan, mutum ya yarda a kira sunansa a kan aikinsa, ya yi kyau ko ya ɓaci.

Ɗan Kwarbai:
Ranka ya daɗe Baba, na ji, kuma ba zan yi musu da kai ba. Tunda kowa ya faɗi nasa, bari in faɗi nawa. A wata 8 ɗin nan na yajin aiki, wani yayan abokina mai gyaran waya a unguwar PZ ya ce in riƙa zuwa ina koyo kyauta. Na je kwana 4 na daina, don ina jin kunyar 'yan ajinmu su gan ni a bakin teburin gyara. Abokin nawa da ya tsaya, yau shi nake zuwa wurinsa in ranci kuɗin mota in je intabiyu. Wannan nawa ne, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Amma ina roƙon zauren nan abu ɗaya. In mun gama ƙirga goma sha bakwai ɗinmu, kada mu yafe shidan. Akwai wanda aka ba amanar wutar nan, yana karɓar albashi a kanta. Shi ma a ajiye masa takarda da biro.

Baba Mai Ritaya, Tudun Jukun:
Ban ce a yafe ba. Wanda ya biya nasa bashin ma ya fi ƙarfin murya wajen tambayar nasa.

Malamar Firamare, Gyallesu:
Ɗan Kwarbai, mai gyaran wayar nan yana nan har yanzu?

Ɗan Kwarbai:
Yana nan, Anti. Nauyin komawa nake ji.

Malamar Firamare, Gyallesu:
Ka je ka faɗa masa abin da ka faɗa mana, kalma da kalma. In ya ƙi, ka dawo zaure mu nema maka wani.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a an gode. Wasu sun turo mini saƙo ta gefe suna ambatar sunayen teloli da shaguna, ba zan saka ba. Kowa ya kawo nasa, kada ya kawo na wani. Malam tela, mutane na tambaya me ka canza, kuma ya kuka ƙare da dattijon?

Telan Tudun Wada:
Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane shafi rana ɗaya ce, layi 3 kawai na ja a ciki, ba 4 ba, don na bar gurbin ranar da ba wuta. Duk wanda ya kawo kaya, a gabansa nake buɗewa in nuna masa ranar da ke da fili, in rubuta sunansa da abin da ya bayar da abin da ya rage. In shafukan sun cika, sun cika. Kafin alƙalami kuma ba na taɓa shi sai na yanka kayan mai shi, don da can da kuɗin wannan nake sayen zaren wancan. Na gyara tsohon keken ƙafa da na jingine, na sayi dutsen guga na gawayi.

Babbar Salla na mayar da mutum 30 da wani abu. Ba zan ɓoye ba, ya yi mini ciwo, ina kallon kuɗi suna fita daga shago, wani ma ya ce na fara girman kai. Kuɗin da na samu bai kai na bara ba. Amma ranar jajibiri da azahar na rufe shago, na kai yarana aski, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi aure.

Dattijon kuma na je gidansa. Na yi sallama, ya fito zaure, na ce Baba ba wuta ba ce, ni ne na karɓi abin da ya fi ƙarfina saboda kwaɗayin kuɗi, ka yafe mini. Ya yi shiru, sannan ya ce ya ji, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya tambayi maigidana da iyali. Bai kawo mini ɗinki ba har yau, na kuma ga rigar da ya sa a Babbar Salla, na san hannun wanda ya ɗinka. A cikin mutum 23 ɗin nan na bi 19 na ba su haƙuri, saura 4 da ba ni da lambarsu, biyu ma ina riƙe da canjinsu. Ɗaya ya ce mini a Hanwa yake, ɗaya a Dogarawa, ranar Juma'a in an sauko zan shiga neman su.

Mai Keke, Kwangila:
Yaya, Dogarawa hanyata ce. In ka shirya ka yi mini magana ta gefe in zo in ɗauke ka, ba sai ka biya ba. Kuma ka taho da littafin nan in ga yadda ka ja layukan.